Ɗan Sabon Gida Bai Sami Makwanci Ba

Kafanchan,
Lahadi, 11 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Milka,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, gaisuwar ƙanwa ga yayarta, gwiwata a ƙasa. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yarki Rosemary da maigidanta da jikokinki. Rosemary ta ce mini ƙafafunki sun matsa miki tun da kika koma wurinsu a Ingila, har hawa bene sai da sanda. Allah ya sawwaƙe, ya ba ki sauƙi, ya ƙara miki kwanaki masu albarka. Mu a nan jiki da sauƙi. Ruwa ya sauka sosai bana, masara ta yi kyau, citta ma an ce ta fi ta bara. 'Yata Faustina tana tare da ni tun da makarantar da take koyarwa ta yi hutu. Ɗana Andrawus ya zo daga Jos ya yi mako biyu, aiki ya kira shi ya koma, amma kullum yana bugo waya. Matan zumunta ba su bar ni ni kaɗai ba, kowace rana sai wata ta shigo da kwano, ko da yake abincin ba ya wuce mini.

Ni ce Joanna, matar ƙanenki Leonard. Na faɗi haka ne don shekara ashirin da ɗaya ke nan rabonmu da ganin juna, ba ki kuma san rubutuna ba. Karatuna ya tsaya a aji shida, yarenmu kuwa ban iya rubuta shi ba, shi ya sa na yi miki da Hausa, na san da ita kike karanta Littafi Mai Tsarki. Faustina za ta ɗauki hoton takardar ta tura wa Rosemary a waya. Ina roƙonki ki karanta da idonki, kada wani ya karanta miki ya tsallake wani wuri.

Kin riga kin ji Leonard ya rasu. Ciwon ƙoda ne, ya yi wata biyar yana fama. Abin da ban tabbata an gaya miki ba shi ne, yau kwana ashirin da uku yana kwance a mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, ba a binne shi ba. An sayi akwati, yana ajiye a ɗakin baƙi da zani a kansa. Mawaƙan coci sun gama shiri tun makon farko. Ramin ne babu. Jiya ma'aikacin wurin ya ja ni gefe ya ce saboda yadda wuta take ɗaukewa ba za su iya riƙe shi ya wuce Asabar mai zuwa ba, ya kuma ce gara kada in ƙara neman a buɗe mini fuskarsa. Yaya, sai na zauna a bakin barandar asibitin.

Kwana uku kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari ɗaya: a kai shi ƙauyenku a bayan Fadan Kagoma, a kwantar da shi kusa da Baba Kaleb. Ya ce duk rayuwarsa a ɗakin wasu ya kwana, daga gidan mishan zuwa kwatas ɗin reluwe zuwa gidan haya, ko sau ɗaya ba a bar shi ya share kabarin ubansa ba, to bari ya yi kwanan ƙarshe a gida. Na ce masa to. Da bakina na ce to, ban san abin da na ɗauka ba.

Da muka je ƙauye da Andrawus don a nuna mana wuri, Meshak, ɗan ƙanen babanku, wanda yake riƙe da gidan yanzu, ya karɓe mu da kyau. Ya ba mu ruwa, ya yi mana ta'aziyya, har ya share hawaye. Sa'an nan ya ce shi bai san wani Echeverry a cikin zuriyarsu ba. Ya ce a gidan nan ana binne mutum ne a kan sunan ubansa, ana kiran sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya kafin a sa diga a ƙasa, to da wane suna za a kira wannan? Ya ce mutumin da ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na Bature, ya kuma raba wa 'ya'yansa, sai ya je wurin Baturen ya ba shi ƙasa. Wani tsoho a gefe ya ƙara da cewa a sa shi a jirgin sama, tun da jirgin ƙasan da ya yi wa aiki ya daina tafiya. Wasu suka yi dariya. Na riƙe rigar Andrawus don kada ya tashi.

Yaya, na san maganar Meshak ba baƙuwa ba ce a kunnenki, don ke ma abin da kika faɗa ke nan. Ina tsaye a wurin ranar da aka yaye mayafin dutsen kabarin Mama bayan shekara ɗaya da rasuwarta, kika ga an rubuta Afiniki Echeverry. Kika ce wa Leonard bai ishe shi ya sayar da kansa ba, sai ya haɗa da uwarku ya liƙa wa Bature bayan ta mutu. Kika ɗauki jakarki, ko abinci ba ki ci ba. Ban kawo wannan don in tsokano miki tsohon ciwo ba. A ranar ni ma a zuciyata na ce kina da gaskiya. Shekara arba'in ina amsa sunan nan a coci da asibiti, mutane suna murɗa shi yadda suka ga dama, a kasuwa Maman Ichabari nake, ban taɓa son shi ba. Shi ma Leonard ba don so ya riƙe shi ba. Da shi aka rubuta takardar makarantarsa, da shi ya shiga reluwe, da shi yake karɓar fansho. Sau ɗaya ya je ya canza, aka ce sai ya kawo shaida daga gidan ubansa, gidan kuwa kin san yadda suke da shi. Har ya mutu yana tsammani sunan Birada Dogo ne, Baturen nan magini da ya gina makarantar mishan.

Ba sunansa ba ne. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Bayan mun dawo daga ƙauye na kasa zama, sai na je wurin Fada Kevin na roƙe shi ya nemo mini littafin baftisma na lokacin. Ya sha wahala kafin ya same shi a cikin wani akwatin ƙarfe, gara ta ci gefensa amma shafin yana nan. Ya karanta mini: Leonard Echeverry, shekara shida. Uwa, Afiniki. Wurin sunan uba ba a rubuta kome ba, an ja layi kawai. A ƙarshen layin akwai sa hannun wanda ya tsaya masa uban baftisma, wato Birada Dogo, sunansa kuwa Larrea. Fada ya duba shafi goma gaba da baya, ko'ina Larrea yake sa hannu. Babu wani Bature mai suna Echeverry da ya taɓa zama a mishan ɗin. Fada da kansa ya cire tabarau ya ce to daga ina sunan ya fito?

Faustina ce ta zauna da wayarta ta bi diddigi, ta yi ta karanta mini tana fassarawa, na sa ta maimaita har na riƙe. Ta ce sunan na wata ƙabila ce da ake kira Basque, suna zaune a cikin duwatsu tsakanin ƙasar Sifen da Faransa, manoma da makiyayan tumaki, suna da yarensu da bai yi kama da na maƙwabtansu ba, kamar dai mu a nan. A yarensu ana rubuta shi Etxeberria. Kalma biyu ce aka haɗa, ɗaya gida, ɗaya sabo. Ma'anarsa sabon gida. Ta ce a al'adarsu ta dā, ba lalle da sunan uba ake kiran mutum ba, da sunan gidan da yake zaune ake kiransa. Kowane gida yana da sunansa, wannan gidan kan tudu, wancan gidan bakin rafi, wancan sabon gida, duk wanda ya shigo ya zauna a ciki sai ya amsa sunan gidan. Daga baya da mutanensu suka bazu, wasu suka tafi kiwon tumaki a Amurka, sai masu wasu harsuna suka riƙa rubuta shi yadda ya zo musu da sauƙi, wani Echeverry, wani Etcheverry, suka mai da shi sunan iyali da ɗa yake gāda daga uba kamar sauran sunayensu. Ta ce har yau akwai masu amsa shi a can, wataƙila ma a garin da kike, da yawansu ba su san gida suke ambata ba.

Da na ji haka sai na ce ta tsaya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ya cika. Don a cikin watannin jinyarsa Leonard ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce da Baba Kaleb ya mutu, ƙanensa, uban Meshak, ya so ya gāji Mama bisa al'ada, ita kuwa ta ce ta yi aure a coci, ba za ta shiga ɗakin kowa ba. Ya ce yana tunawa da tukwanenta a watse a tsakar gida, yana tunawa da mutumin yana faɗa a gaban jama'a cewa idan ta fita da yaron nan, kada bakinta ya ƙara kiransa da sunan ɗan'uwansa, idan ta kira kuwa abin da ya sami yaron ita ta ja. Ya ce kun kwana uku a ajin makaranta kafin Birada Dogo ya tara ragowar duwatsu da kwano ya gina muku ɗaki biyu a bayan mishan. Ya ce ranar baftisma an tambayi Mama sunan uban yaro har sau uku, ta sunkuyar da kai, ta ƙi buɗe baki don tsoron abin da zai same shi. Sai Birada ya dafa kan yaron, ya faɗi wata magana, ya karɓi biro ya rubuta. Leonard ya ce ke kike riƙe da hannunsa. Ke an riga an yi miki baftisma tun Baba yana da rai, shi ya sa sunanki ya tsira.

Yaya, me mutanen ƙauye suke kiran ɗakunan nan biyu? Ke kin fi ni sani. Sabon Gida suke cewa. Har yau tsofaffi in za su kwatanta wurin sai su ce wajen Sabon Gida. Mutumin nan bai ba ƙanenki sunansa ba. Ya ga yaro an hana shi sunan uba, sai ya yi masa abin da ake yi a ƙasarsu, ya kira shi da gidan uwarsa. Abin da Leonard ya rubuta a kabarin Mama, ba tare da ya sani ba, Afiniki ta Sabon Gida ne. Gidan da ta zaɓa da kanta, inda ta dafa muku abinci, inda kika kwana a bayanta. Ba a liƙa ta ga kowa ba.

Yanzu sai in gaya miki wautar da na yi. Murna ta ɗebe ni, ban shawarci kowa ba, ranar Alhamis na hau mota na koma ƙauye da takardar da Fada ya kwafa mini. Na durƙusa gaban dattawa a gindin mangwaro na zayyana musu duka, duwatsun ƙasar, tumakin, ma'anar sunan, ina tsammani da sun ji ba sunan Bature ba ne shi ke nan. Meshak ya saurara har na gama. Sai ya ce madalla, na hutar da su. Ya ce tun da da bakina na shaida mijina ɗan Sabon Gida ne, a kai shi Sabon Gidan. Ya ɗaga takardar ya nuna wa kowa layin da aka ja a wurin sunan uba, ya ce ga shi ko coci ba ta san ubansa ba. Da na ce babansa ne ya hana a faɗa, sai fuskarsa ta canza. Ya ce ni matar aure ce da aka kawo daga wani gari, ba a haife ni ba lokacin, ba zan zo in ɗora wa mataccen ubansa magana daga bakin wani mataccen ba. Da hannuna na kai musu abin da suka rufe mini ƙofa da shi.

Na tashi na bi hanya har wajen Sabon Gidan, don ban san inda zan nufa ba. Babu gida, Yaya. Ya rushe tun da daɗewa, an sayar da filin, gonar cittar wani ce yanzu. Na shiga cikin ganyen har gwiwa ina lalube da ƙafa, na sami layin duwatsun tushe a ƙarƙashin ciyawa, ɗaki biyu, ƙanana ƙwarai, ban san yadda ku uku kuka zauna a ciki ba. Mai gonar ya zo da fartanya yana tsammani ɓarauniya ce. Da na gaya masa, ya ce Mama ki yi haƙuri, ba zai iya barin kabari a tsakiyar gonarsa ba, amma ya haƙa mini dutse ɗaya ya ba ni. Na ɗauro shi a bakin zani. Yana kan akwatin gawar yanzu.

Kafin in bar ƙauyen, dagaci ya aika aka kira ni. Mutumin kirki ne, da Leonard suka yi makaranta. Ya ce shi ma yana yaro ya ji ƙishin-ƙishin ɗin maganar tukwanen nan, amma ji ba gani ba ne, waɗanda suka gani kuwa duk sun kwanta. Ya ce saura mutum ɗaya. Ya ce Milka 'yar gidan ce ta jini, ta girmi Meshak, ba wanda zai ce mata baƙuwa. Idan ta faɗa da bakinta a gaban dattawa cewa korar yaron aka yi, ba shi ya yar da sunan ba, to shi zai tsaya a sa diga a ƙasa, a kira Leonard ɗan Kaleb, Meshak ma ya riga ya amsa a gaban mutane cewa in ke kika faɗa zai yarda, don yana da tabbacin ba za ki yi magana ba. Dagaci ya ce ba sai kin zo ba, muryarki a waya ta isa, tsofaffin sun san ta. Ya sa zaman ranar Laraba da ƙarfe goma na safe.

Na kira Rosemary sau huɗu. Yarinyar kirki, tana kuka tana ba ni haƙuri, ta ce kin ce ba ki da abin faɗa, kin binne ƙanenki tun ranar kabarin Mama. Ban ji haushinki ba. Amma lokacin da kika faɗi haka ba ki san abin da ke cikin takardar nan ba. Kuma akwai abin da ban gaya wa Rosemary ba. Duk Kirsimeti Leonard yakan sa a ware cinyar kaza ɗaya a rufe a kwano, ya ce ta Yaya ce ko za ta shigo. Sai yamma ta yi ya ce wa yara su cinye. Hoton aurenki yana cikin Littafinsa, a wurin Zabura. A asibiti da zazzaɓi ya hau kansa, ba ni yake kira ba, ke yake kira, da yare, yana cewa ki jira shi ƙafarsa tana ciwo.

Ba na roƙon ki ce ya yi daidai. Ba na roƙon ki yabe shi, ko ki zagi uban Meshak, shi ma ya tafi gaban Mai shari'a. Ki faɗi abin da idonki ya gani kina 'yar shekara goma sha biyu, ki tsaya a nan. Wa ya watsar da tukwanen, me aka ce, me ya sa Mama ta yi shiru a coci. Idan Leonard ya yi kuskure a labarin, yaro ne lokacin, ki faɗi naki yadda yake, zan karɓa. Ki tuna da Andrawus ma. In aka hana ubansa wuri, an hana shi, an hana 'ya'yansa, jinin Baba Kaleb ta wajen namiji ya fita daga gidan ke nan har abada.

In Laraba ta wuce shiru, ba ni da sauran hanya. Ranar Asabar zan kai shi maƙabartar coci a nan Kafanchan, kusa da Mama, in sa masa dutsen nan a ƙarƙashin kansa, in tsaya a bakin ramin in gaya masa na karya alkawari. Ban san yadda zan faɗa ba. Na gwada a zuciyata, maganar ba ta fitowa.

Ki gaishe mini da Rosemary da maigidanta Gilbert, a shafa mini kan yara. Faustina tana gaishe ki, ta ce ba ta manta da ƙosan da kika saya mata a tasha ba tana ƙarama. Andrawus da matarsa Bernice suna gaisuwa, jaririyarsu wata huɗu ke nan, Afiniki aka sa mata. Fada Kevin da matan zumunta suna sa ki a addu'a. Ubangiji ya kiyaye ki, ya ba ki lafiyar ƙafa, ya yi miki jagora.

Faustina ta ce a wannan watan agogonmu da naku ɗaya ne, ƙarfe gomanmu shi ne ƙarfe gomanku. Ta ce in ba ta wayar ta ɗora a kan kujera a tsakiyar dattawa, na ce a'a, ni zan riƙe. Zan kira lambar Rosemary, in ɗaga hannuna sama yadda kowa zai ji tana ƙara. Mai rubutu a kan kabari ya zo jiya yana tambayar sunan da zai sa, na ce ya dawo Laraba da yamma. Yaya, ki ɗauka.

Taki cikin hawaye da sa zuciya,
ƙanwarki, matar ƙanenki,
Joanna